Gwajin maƙirgan PMU, sashen sa ido kan aikin furosesa: a ina za a ja iyaka?

Nasiru: Jama'a, ina rubuta gwajin maƙirgan aiki na furosesar Intel. Jerin maƙirga tsayayyu, wato waɗanda abin da suke ƙirgawa ba ya canzawa, in yi shi uku kawai, ko akwai abin lura?

Injiniya Sani: Kada ka rubuta uku da hannunka. Tambayi CPUID, umarnin da furosesa ke bayyana kanta da shi, reshe na 0xA: bit 8 zuwa 15 na rajistar EAX su ne yawan maƙirgan gama-gari, waɗanda kai ke zaɓa musu abin ƙirgawa, 16 zuwa 23 faɗinsu, bit 0 zuwa 4 na rajistar EDX kuma yawan tsayayyun. Daga furosesocin Intel samfurin Ice Lake tsayayyun sun zama huɗu. In jerinka uku ne amma zagayen yana bin lambar CPUID, zai karanta abin da ke bayan jerin, kuma wani lokaci gwajin ya wuce lafiya a kan shara. Ɗauki mafi ƙanƙanta tsakanin tsawon jerinka da lambar CPUID, sauran ka buga cewa an tsallake su.

Hadiza: Ka kuma taka iyakar da gangan. In maƙirga N ne, RDPMC, umarnin karanta maƙirgi, da N-1 ya yi aiki, da N kuwa dole ya jawo #GP, wato kuskuren da furosesa ke tayarwa in an keta ƙa'ida. Tsayayyun sai ka kunna bit na 30 a rajistar ECX. A IA32_PERF_GLOBAL_CTRL, rajistar kunna maƙirga, bit ɗin tsayayyun daga 32 yake farawa, don haka 1ULL, wato 1 mai faɗin bit 64, za ka tura, 1 zalla ba zai kai ba.

Nasiru: To ƙirgen kansa fa, Malama?

Hadiza: Nan ne aikin. Umarnin da aka kammala ana iya matse masa iyaka sosai: ƙasa ita ce yawan umarnin zagayen, sama a ƙara ɗan rara saboda umarnin kunnawa da kashewa da katsewa. Kuskuren ma'ajiyar wucin gadi (cache miss) ba ya matsuwa haka, amma iyakar ƙasa ta sifili ba gwaji ba ce, maƙirgi matacce ma zai ci.

Bashir: Ƙari kaɗan. Rubutu a 0xC1, adireshin maƙirgin gama-gari na farko, bit 32 kawai yake ɗauka, ya shimfiɗa alamar bit na 31 zuwa sama. Don gwada ambaliya, wato maƙirgi ya cika ya zube, a cikakken faɗi sai adireshin 0x4C1, in furosesar ta yarda. A samfurin Alder Lake kuma ɗaure gwajin a ƙwaya (core) ɗaya da umarnin Linux na taskset, domin manyan ƙwayoyi da ƙanana ba su da maƙirga iri ɗaya.