Me ke hana intagirin kama faibirinojin alhali suna cikin jini ɗaya?

Ɗalibar aji biyu:
Assalamu alaikum. An karantar da mu cewa kowane filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni, yana ɗauke da dubban furotin masu suna intagirin a jikinsa, kuma aikinsu shi ne kama faibirinojin, furotin ɗin jini da ke haɗa filatilet da juna don jini ya daskare. To, tun da faibirinojin yana yawo a cikin jini dare da rana, me ya sa ba sa haɗuwa jinin ya daskare a jijiya? Na karanta babin sau biyu, ban gamsu ba.

Malamin ilimin sinadaran jiki:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Amsar tana cikin siffar furotin ɗin. Intagirin sassa biyu ne a manne, alfa da beta. Ɗan'adam yana da alfa iri 18 da beta iri 8, waɗanda ke haɗuwa su ba da nau'i 24. Kowane ɗaya yana da kai a wajen ƙwayar halitta, da ƙafafu biyu da suka ratsa fatarta, da gajerun wutsiyoyi a ciki. A shekarar 2001, masu bincike a Bostan ta Amurka suka fitar da siffar ɓangaren wani intagirin da ke wajen ƙwayar halitta, sai aka gan shi a lanƙwashe, kansa ya sunkuya kusa da ƙafafunsa kamar wuƙar aljihu da aka naɗe. A wannan hali riƙonsa ba shi da ƙarfi. Idan jijiya ta fashe, sinadarai irin su tirombin suka tayar da filatilet, wani furotin mai suna talin yakan kama wutsiyar beta daga ciki, ƙafafun su rabu, jikin ya miƙe, kai ya buɗe. Umarnin daga cikin ɗaki yake fitowa, sannan ƙofa ta buɗe wa baƙo.

Shi kuma kamun, a tsakanin sassan biyu yake faruwa. Tun 1984 aka gano cewa amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) uku a jere, ajinin da gilaisin da asfatet, waɗanda ake taƙaitawa RGD, su ne abin da ƙwayar halitta take ganewa a jikin faibironektin, wani furotin da ƙwayoyin halitta ke mannewa a kansa. Ajinin yana shiga wani lungu a sashen alfa, asfatet kuma yana riƙe ƙwayar ƙarfen magniziyam da ke zaune a sashen beta. Gilaisin ƙarami ne, shi ya sa yake iya kwanciya a matsattsen wurin da ke tsakaninsu.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma da izininsa zan yi ƙaramin gyara. Faibirinojin yana da RGD, sai dai wajen haɗa filatilet da filatilet, ƙarshen ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa, mai suna gamma, ne yake shiga lungun, kuma jerin da ke wurin AGDV ne. Asfatet ɗin da ke cikin jerin, wato D, shi ne yake riƙe ƙarfen. Muhimmancin ƙarfen kuwa muna ganinsa da ido: idan muka zuba wani sinadari mai suna EDTA a kan ƙwayoyin da muke rainonsu a faranti, yakan tsotse kalsiyam da magniziyam, cikin 'yan mintuna ka ga sun dunƙule a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sun saki gindin farantin suna shawagi.

Ɗalibar aji biyu:
Na gode muku. Ke nan idan wani abu ya riga faibirinojin shiga lungun, filatilet ba za su haɗu ba?

Malamin ilimin sinadaran jiki:
Haka ne, kuma gyaran ɗan'uwa daidai ne. Dafin macizai dangin kububuwa yana ɗauke da ƙananan furotin masu RGD a bakin wani madauki, waɗanda ke toshe lungun, ko da yake zubar jinin da ake gani bayan saran kububuwa galibi daga wasu sinadaran dafin ne masu cinye faibirinojin. Da wannan dabara aka ƙera magunguna irin su tirofiban da ake bai wa masu toshewar jijiyar zuciya. Ki kuma duba cutar Gilanzman, wadda ake gada: adadin filatilet daidai yake, amma wannan intagirin ɗin babu shi ko ba ya aiki, shi ya sa mai ita yake yawan haɓo da zubar jini daga dadashi.