Fitilar birki ta ƙi mutuwa, batir yana ta sauka

Mai Corolla, Rikkos: Assalamu alaikum jama'a. Fitilar birkin motata ba ta mutuwa ko na zare makulli, da safe sai an tura ni. Na kuma tsinci ɓarɓashin roba a kan kafet, ƙasan sitiyari. Zan iya gyarawa da kaina?

Bakanike, Farin Gada: Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan ɓarɓashin shi ne mai laifin, suwic ɗinka ƙila lafiyarsa lau. Kwanta ka leƙa saman ƙarfen birki da tocila, za ka ga suwic mai ɗan tsinke. Akwai wata 'yar roba a jikin ƙarfen da ke danne tsinken idan ka ɗaga ƙafa, shi ke kashe fitilar. In ta farfashe, tsinken sai ya faɗa cikin rami, wuta ta zauna a kunne. Je Dilimi, wajen masu sayar da kayan gyaran mota a Jos, ka sayi robar, ka danna birki da hannu, ka cusa ta a ramin. Kada ka yarda a sayar maka da suwic gaba ɗaya, wasu masu shagon har da rantsuwa.

Hajiya Mai Atomatik: Tawa akasin haka ta yi, fitilar ba ta kamawa, giya ta maƙale a P, wato fakin. Fiyus mai rubutun STOP aka fara dubawa, ƙarshe suwic aka canza.

Ɗan Bauchi Road: Yallaɓai, kafin ka samo robar, riƙa cire kan batir na baƙar waya da daddare.