Alamar "an gama" tana faɗa wa aikin da ba shi ba a MySQL

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Ina da fom na PHP (yaren shirya shafukan yanar gizo) mai jerin ayyuka, kowane layi da filin suna[] da akwatin alama angama[]. Burauza ba ta tura akwatin da ba a taɓa ba, sai $_POST['angama'], wato jerin alamomin da PHP ke karɓa daga fom, ya zo a gajarce. Idan aiki na 3 kaɗai na yi wa alama, lambarsa ta koma 0, wato ta aikin farko, UPDATE (umarnin sabunta bayani a MySQL, ma'ajiyar bayanaina) ya faɗa kan na farko. Abin haushi, MySQL bai ce uffan ba.

An ce in sa id, wato lambar shaidar kowane aiki, a ciki, kamar angama[17]. To waɗanda aka cire wa alama fa, yaya zan gane su? Ɓoyayyen fili ne mafita?