Mai kantin layinmu ya zama Honorabul

Baban Khalifa: Jama'a raina a ɓace yake. Shekara da shekaru a wurin mutumin nan muke sayen sukari da madara, mu muka bi gida-gida muna masa kamfe har ya ci kujerar majalisar jiha a zaɓen 18 ga Maris 2023. Jiya lambatun layinmu ya toshe, ruwa har ɗakin Hajiyarmu. Na kira shi sau shida bai ɗaga ba. Ɗan tireda dai ɗan tireda ne.

Na Singa: Gyara kalamanka Yaya. Kanti gare shi, ba tireda ba. Mai tireda ɗan tebur ne da ashana da alawa. Shi buhu-buhu yake sari a kasuwar Singa, ni na sha loda masa.

Maman Ummi: To ko tiredar ce, abin kunya ne? Da ita Babanmu ya aurar da mu mu biyar. Wallahi maganar ta yi min ciwo.

Malam na Islamiyya: Sashe na 106 na tsarin mulkin 1999 bai hana ɗan kasuwa takarar majalisar jiha ba. Cikin sharuɗɗan akwai shaidar karatun sakandare, jam'iyyar da ta tsayar da kai, da shekara 25 tun gyaran 2018, da can 30 ce. Marigayi Alhaji Aminu Dantata ma ɗan kasuwa ne, ya zauna a majalisar Arewa a jamhuriya ta farko.

Na Singa: Malam Allah ya gafarta, Dantata kuma ina ya haɗu da tireda?

Ɗan Kwari: Duk wanda ke da ƙofa da kwaɗo shago gare shi. Kanti sai mai kanta da yaran shago.

Maman Ummi: Kai kuma ka zo da naka.

Baban Khalifa: Ni fa lambatu na kawo.

Ɗan Kwari: Lambatun ai aikin ƙaramar hukuma ne. Su arba'in ɗin da ke majalisar Kano doka suke yi, su duba kasafin kuɗi. Kuma Baban Khalifa mun san hular da kake sawa, zafin 2023 ne bai sake ka ba.

Baban Khalifa: Ni da na tsaya masa a akwati har dare? Ka ji tsoron Allah ƙanena.

Na Singa: Tambaye shi ko sunansa ya fita daga littafin bashin kantin.

Maman Ummi: Subhanallahi, wannan tonon asiri ne. Admin kana ina?

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda kanti ne, kuma Honorabul mutum ne mai kirki, ni shaida ne, ya biya wa ɗana kuɗin jarrabawa. Baban Khalifa ka janye kalmar tireda. Na Singa ka goge maganar bashi kafin Magariba ko in cire ka.

Baban Khalifa: Ban janye ba. Masu shebur da baro mu haɗu ƙofar gidanmu bayan Asuba, hadari ya sake haɗuwa.