Ali Farka Touré: blues ya kwaikwaya ko kiɗan gidansu ne?

Ɗan Damagaram: Jama'a ni fa ban yarda ana ce ma Ali Farka Touré mawaƙin blues ba. Mutumin Niafunké ne a Mali, da gurkel mai tsirkiya ɗaya ya fara tun yana yaro, sai njarka wadda kusan kukumarmu ce, kafin ya taɓa jita. Kiɗan Songhai da Fulani da Buzaye ya ɗora kan jita kawai Turawa suka manna masa suna.

Bakano: Haba yaya. Ka saka John Lee Hooker, mawaƙin blues ɗin Amurka, sannan ka saka Ali ka ji, shi kansa bai taɓa musun ya saurari Hooker ba, kuma ya yi shekaru yana aikin sauti a gidan rediyon Mali faya-fayan Amurka na wucewa ta hannunsa, kace duk ba abin da ya shiga kunnensa?

Ɗan Damagaram: Ya ji mana, amma da ya ji ɗauka ya yi kiɗan ƙasarsu ne ake bugawa. Kakannin su Hooker daga ina aka kwashe su?

Anti Mai Shago: Ƙanena kar ka cika baki, bayin da aka kai Amurka ba daga Mali kaɗai suka fito ba, akwai na Kongo da Angola da Senegambiya birjik, kuma blues a gonakin auduga na Mississippi ya tashi bayan yaƙin basasarsu, wahalar can ce ta haife shi. Dangantaka dai akwai, wannan ba gardama, shi ya sa fim ɗin Martin Scorsese na 2003 ya bi sawu har Niafunké.

Bakano: Yawwa Anti. Kuma faifansa Talking Timbuktu na 1994 da ya ci lambar yabo ta Grammy ai da Ry Cooder suka yi, Ba'amurke.

Ɗan Damagaram: Grammy ɗinsa na biyu fa? In the Heart of the Moon, 2005, shi da Toumani Diabaté mai kaɗa kora, abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, ina blues a ciki don Allah?

Anti Mai Shago: Nan kam ya kama ka Bakano. Shi Ali ma manomi yake kiran kansa, ya zama magajin garin Niafunké a 2004 yana gyara hanya da kuɗin aljihunsa, ya rasu 2006, Allah ya jiƙansa.

Bakano: Amin. Amma faifan The Source fa da mawaƙin blues ɗin Amurka Taj Mahal ya shiga ciki, wa ya saurara a nan?

Ɗan Damagaram: Turo mu ji, data ta ta kusa ƙarewa dai.