Musayar waƙa: wa ke iya kai wa oga labari mai ɗaci?

Tsohon Akawu:
Salamu alaikum 'yan'uwa, zauren nan ya yi shiru da yawa, bari in jefa baiti kan shugabanci a wurin aiki, amsa-amonmu "ya", duk mai ji da kansa ya fito.

Shugaba ba kujera ce ba,
Ba ƙaton tebur ba ko dukiya.
Ku auna shi ran da aka yi ɓarna,
Wa zai iya kai masa gaskiya?
In masinja na tsoron ƙofarsa,
To ofis ya kama hanyar tsiya.
Labari mai daɗi kowa na kaiwa,
Mai ɗaci ke buƙatar juriya.

Ɗan Autan Mawaƙa:
Baba Akawu sannu da hutu,
Ritaya ce ta koya ma gaskiya.
Da kana kan tebur wa ya isa
Ya yi ma ko guntuwar tambaya?
Oga in bai da kwarjini,
Ma'aikata sai su mai da shi abin dariya.
Zuwan ƙarfe takwas zai koma
Sai an ga dama, ƙarfe sha ɗaya.

Tsohon Akawu:
Ɗana, kai da ko fayil ba ka riƙe ba,
Kake son koya mini tafiya?
Mai ba da tsoro shiru yake girba,
A gabansa "to", a zage shi a baya.

Kuma ba da baki kawai nake faɗa ba. A 1986 a Amurka, daren da za a wayi gari a harba kumbon Challenger, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokinsa sun yi gargaɗi cewa sanyi zai iya hana robar da ke toshe mahaɗar rokan yin aikinta, manya suka danne maganar suka ce a tashi, ranar 28 ga Janairu kumbo ya tashi, daƙiƙa 73 ya tarwatse da mutum 7 a ciki. Masu ilimin suna nan, kunnen da zai saurare su ne babu.

Gimbiyar Baiti:
Baba ka huta, bar ni da ƙanena.

Ran da Ahzabu suka doso Madina,
Rundunoni sun haɗu gaba ɗaya,
Salmanu Bafarishe ya ce a haƙa rami,
Dabarar da Larabawa ba su saba ba a baya.
Manzo (SAW) ya karɓa, ya shiga haƙa da kansa,
Yana ɗaukar ƙasa, ga yunwa ga wuya.
Auta, shin kwarjininsa ya ragu?
Amsa min, kar ka lallaɓa ka juya.
Je masana'antar Toyota ka duba,
Lebura an rataya masa igiya,
In ya hango aibi a jikin mota,
Ya ja ta, in ta kama layi ya tsaya.

Mai Sauraro:
Allahu Akbar! wlh Gimbiya ta gama magana, sauran ku tattara alƙalumanku kawai, Auta a sha ruwa

Na Gefe:
Ku dai kullum Gimbiya, ko tari ta yi sai kun ce fasaha. Auta ya faɗi abin da ke faruwa a ofisoshi ne fa, duk wanda ya taɓa zuwa neman sa hannu ya tarar da kujera ba kowa ya san ba ƙarya ya yi ba

Malam Aruli:
Ni ba ruwana da wa ya yi nasara, waƙar nake dubawa. Auta, ɗangonka "Oga in bai da kwarjini" gaɓa 8 ne, abokin tafiyarsa "Ma'aikata sai su mai da shi abin dariya" gaɓa 14. Wannan ai ba baiti ba ne, karaya ce a fili. Gimbiya ma kar a ce na ƙyale ki, baitin Salmanu ya yi tsawo.

Ɗan Autan Mawaƙa:
Malam ranka ya daɗe, ni da rauji nake waƙa ba da rula ba, rera shi ka ji ko zai sarƙe ka.

Ana zancen a gyara ma'aikata,
Kai kana ƙirgen gaɓa ɗaya ɗaya.

Na Gefe:
Kuma Malam ai ƙirga gaɓa ba shi ne aruli (ilimin ma'aunin waƙa) ba, nauyin gaɓa ake bi, doguwa da gajera, in za ka kama shi ka faɗa mana a wane bahari, wato karin waƙa, yake da inda ƙafar ta karye

Malam Aruli:
To ai matsalar kenan ɗan'uwa, ba ya cikin ko ɗaya. Halilu ɗan Ahmad, malamin Larabci da ya kafa ilimin aruli, ya fitar da bahari 15, wani malamin, Ahfash, ya ƙara ɗaya mai suna Mutadarak suka zama 16, ka ɗauki ɗangon nan ka zaga da shi duka ka gani ko akwai inda zai zauna. Na kawo adadin gaɓa ne don kowa ya gane girman ratar, ba wai ban san ma'auni ba. Kuma baitin da ya mayar min yanzu ya fi na farko daidaita, kun ga gyara ya yi amfani.

Mai Sauraro:
Don Allah a koma kan waƙa, kun cinye mana fili da aruli

Shugaban Sashe:
Afuwan na makara, sai yanzu na karanta duka. Yaya Gimbiya da Baba, ina girmama ku amma kun ɗauki rabin aya kun bar rabi, Ali Imrana aya ta 159 nake nufi.

Ayar da ta ce a yi shawara,
Ita ta ce in ka ƙudurta, dogara ga Ɗaya.
Ku masu baiti ba ku riƙe sashe ba,
Mitin kan mitin, fayil na cikin ma'ajiya.
Kwamiti ya haifi ƙaramin kwamiti,
Wata ya ƙare aiki bai ga tafiya.
A saurari kowa, na yarda da wannan,
Amma mai yanke hukunci mutum ne ɗaya.

Gimbiyar Baiti:
Yallaɓai barka da fitowa mitin,
Ba mu ce ka bar mutane a tsakiya.
Yanke, amma ka faɗi dalilinka,
Wanda ka ƙi shawararsa ya ji a zuciya
Cewa an auna ta kafin a ajiye,
Gobe zai sake kawo ma gaskiya.

Ɗan Autan Mawaƙa:
Yauwa ga wanda nake jira. Malam Aruli ka ƙirga wannan.

Oga mai sashe ga tambayata,
Ka amsa fili, ban da kewaya.
In aiki ya yi kyau sunan wa ke rahoto?
In ya ɓaci wa ke shan wuya?
Ka ba yaro aiki ka riƙe makulli,
Sannan ka ce yaran yau ba zuciya.

Shugaban Sashe:
In ya ɓaci ni ke tsayawa gaban manya,
Ban tura yaro, ni ke ɗaukar kaya.
Wanda na ba aiki na ba shi iko,
Sai ranar da muka sa in zo da tambaya.

Tsohon Akawu:
Madalla, haka ake so. Amma ɗana ka amsa rabi ne, maganar sunan da ke kan rahoto fa?

Ɗan Autan Mawaƙa:
Baba na gode, dama can ita na fi so in ji. Oga muna jira.