Kwamfutata tana mutuwa da kanta tun shigowar hunturu

Maman Ilham, Jekadafari:
Assalamu alaikum. Don Allah masana ku taimaka mini. Ina da kwamfutar tebur ƙirar Dell, ta hannu na saya, da ita nake buga wa ɗalibai furojet a falona a nan Gombe. Gidanmu a bakin layi yake, ba kwalta, duk keken da ya wuce sai ya tule mu da jar ƙasa. Tun da hazo ya sauko a Disamba fankar cikinta ke ƙugi kamar injin markaɗe, ta yi minti 40 sai ta ɗauke ɗif. Jiya da shafi 12 na wata yarinya ta tafi, ban adana ba, sai da na yi ƙwalla. Akwatin yana ƙasa kan kafet, kuma ina lulluɓe shi da zani saboda ƙura. Yaya zan yi?

Mai Gyara na Wunti:
Wa alaikumus salam Hajiya. Zanin nan, har tana aiki yana kanta? In haka ne ki yaye shi yau, numfashinta kike toshewa. Sai an kashe ta ta huce ake rufewa.

A kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke cikin akwatin, akwai wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, fanka na hura iska ta tsakaninsu tana kwashe zafi. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar gari, in ta haɗu da zaren kafet sai ta dunƙule kamar auduga ta cike haƙoran. Zafi na kusantar digiri 100 sai na'urar ta rage gudu, in abin ya ƙi ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Ki zare wayar daga soket, a fita da akwatin tsakar gida, a buɗe murfin gefe, a hure da bulawa, wato ɗan injin hura iska. A danne fankar da yatsa lokacin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Inda ƙurar ta kama, burushin fenti sabo busasshe. Ƙaramin akwatin da wayar wuta ke shiga kuwa, ta waje kawai za a hure shi, kada a kwance, yana riƙe wuta ko an zare shi. Kuma ban da iskar masu faci, tana zuwa da danshi.

Ɗan Pantami:
Ni dai cire murfin gefen na yi gaba ɗaya, na saita mata fankar tsaye. Shekara guda ke nan lafiya lau.

Mai Gyara na Wunti:
Ɗan'uwa, tana sanyaya ta kam, amma duk ƙurar ɗakin kake ɗura mata. A layi irin na Hajiya wata ɗaya ba za ta kai ba. Ga ƙadangare, ga hannun yara.

Malama Kumo:
Ƙanwata, ni ta wajen shara zan ba ki shawara, don na sha wannan wahalar. Ko an hure ta yau, in da tsintsiya ake share kafet ɗin nan kullum, ƙurar tashi take ta koma ciki. Na naɗe nawa na ajiye sai damina, na koma goge siminti da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙofar gida a yayyafa ruwa kafin shara, kamar yadda iyayenmu ke yi. Tagar da ke kallon layi ki rufe ta, ki buɗe ta wajen tsakar gida, takalma kuma su tsaya a waje. Akwatin ki ɗaga shi kan tebur, ki ba shi kamar taƙi guda daga bango. Ki yi haka tun yanzu, kafin zafin Maris da Afrilu ya same ta a toshe.

Maman Ilham, Jekadafari:
Allah ya saka muku da alheri. Ƙanena ya aro bulawa muka hure ta da safe, wallahi abin da ya fita sai da muka toshe hanci. Yanzu tana kan tebur, kafet na ɗakin ajiya, awa uku ina aiki ba ta ɗauke ba. Sai dai fankar na ɗan ƙara har yanzu. Malam, a canza ta ne, ko in saurara mata kwana biyu?